Jarrabawar Shef da Shafaffiyar Tiya

A shekarar da damina ta sake yi mana rowa, mutanen Damagaram suka koma masu saurin hannu. Wanda ka sani da sanyin hali sai ka tarar da shi a bakin famfo ya shaƙe maƙwabcinsa a kan bokitin ruwa. Na ga mahauci ya fasa wa makiyayi baki a kan cinikin saniyar da ko tsayuwa ba ta iya yi. Na ga mata sun yi wa motar wani ɗan kasuwar Kano ruwan duwatsu, wai hatsinmu yake kwashewa ya tsallaka iyaka da shi, alhali bawan Allah atamfa ya kawo. Ni ma ban fi su ba. Tun ina ƙarami aka san zuciyata a kusa take, yunwar gari kuwa ta ƙara matso da ita.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiyar agaji, muna raba hatsi a ƙauyukan Dogo da Zermu. Shugaban aikin, wanda kowa ke kira Shef, mutumin Birni ne, jikan dukawa, a shekaru ya kusa haifata. Ni ne mataimakinsa. Gidansa a wannan shekarar ya zama zango: 'yan'uwan matarsa daga ƙauye, ƙannen babansa, da wasu da shi kansa bai san ta inda suka haɗa jini ba, duk sun zube a zaure da tsakar gida. Albashinsa ne tukunyarsu. In ka bi ta lungunsu da hantsi za ka ji ƙarar turmi kamar ana shirin biki, ba biki ba ne, dusa ce ake sake dakawa.

Ana cikin haka umarni ya zo daga babban ofishinmu na Yamai. Duk wanda ke riƙe da proje, wato shirin aiki irin namu, dole ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa a tafiyar da ayyuka, irin wadda ake zana jarrabawarta a kan kwamfuta. Wanda lokacin sabunta kwantiraginsa ya zo bai da ita, ya sauka a ba wani. Aka rubuta sunan Shef domin dole ne a kansa, aka haɗa da ni a matsayin ɗan rakiya, wai kada kujera ta tafi a banza.

Shef bai razana ba. Mutum ne da ya sauke Alƙur'ani kafin ya shiga lakwal, wato makarantar boko, abin da ya shiga kansa kuwa ya shiga ke nan. Ya ɗauki ƙaton littafin nan na Faransanci ya yi masa irin karatun da ya sani, wato hadda. Bayan la'asar sai ya zauna a biro, wato ofishinmu, ya harɗe ƙafa a kan kujera, yana jijjiga, yana rera matakan aiki da abin da ke shiga kowane mataki da abin da ke fita, har da kari. Direbanmu ya taɓa leƙowa ya cire takalmi, ya zaci addu'a ake yi. In na buɗe shafi na ja masa baki, sai ya kwarara har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, ya dube ni ya ce, "Ƙane, su kawo egzame ɗin, ni na gama."

Saura 'yan watanni mu tafi aka sanar cewa an sauya tsarin tambayoyin. Ranar da muka buɗe na gwaji a kwamfutar biro, dattijo ya yi ta neman abin da ya haddace bai gani ba. Babu tambaya ko ɗaya da ta ce kawo ma'anar kaza. Labari suke ba ka mai tsawo, wani ma'aikaci ya yi kaza, mai kawo kaya ya yi kaza, sannan su ce me za ka fara yi. Amsoshin kuwa kowace ka duba sai ka ga mai hankali zai iya yin ta. Wata tambayar ta ce zaɓi biyu cikin tarin amsoshi, in ka dace da ɗaya ka kuskure ɗaya duk ka yi asara. Mafi cin rai su ne na ja-ka-ajiye: ka kama kalma da suri, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, ka danne, ka ja ta zuwa akwatin da ya dace da ita, ka saki. Ga kuma zanen da za ka nemi wani ɗan wuri a cikinsa ka danna. A can lungun sama agogo yana cin lokacinka yana kallonka.

"Wannan ai ba karatu ba ne," in ji Shef. "Caca ce."

Ni abin bai dame ni kamar shi ba, domin dama ban haddace komai ba balle in yi asara. Sai karatu ya juye, ɗan rakiya ya zama malami. Na lura da halin masu tambayar da wuri, tun da ni ma amsar zuciya nake fara zaɓa, kullum kuma ita ce ba daidai ba. Mutanen nan ba sa son wanda zai tashi ya yi. Suna son wanda zai zauna, ya duba tsari, ya auna illa, ya tara jama'a, ya rubuta.

Na karanta masa wata: "Mai kawo kaya ya makara, aiki zai tsaya. Me za ka fara yi?"

"In hau moto in je in same shi har gida."

"Ka faɗi, Shef."

"To in kira wani mai kaya."

"Ka sake faɗuwa. Ka fara duba abin da makarar za ta jawo wa sauran aikin."

"Ni da na san abin da za ta jawo tun kafin a haifi mai tambayar?"

Wadda ta fi ba shi wuya ita ce ta canji. Masu aikin sun roƙi a sauya wani ɗan abu, ba ya ƙara kashe komai, kowa ma zai ji daɗi. Shef ya ce a yi musu mana. Na ce a'a, ko ƙanƙanin canji sai an rubuta, an kai wa komite, an amince. Muka yi ta maimaita irinta ta fuskoki dabam-dabam, yana faɗuwa ina ɗaga murya, ni da ya kamata in rusuna masa. "Shef, duk amsar da ta ce tashi ka yi, tarko ce. Ka bar abin da ka sani a bakin ƙofa." Ya haƙura da tsawata domin ya san abin da ke jiran sa a gida. Sannu a hankali ya karɓa, kuma da yake mahaddaci ne, da ya karɓa sai ya riƙe fiye da ni. Suri ma da farko gudu yake masa, kalma ta kuɓuce a tsakiyar hanya, amma ya nace har hannunsa ya saba. Ni ne ma na rotsa suri guda da bango ranar da aka ɗauke wuta muna dab da gama gwaji, shi ya tsince ɓaraguzan.

A makon da ya rage mana aka turo rabon wani ƙauye a bayan Zermu. Da can buhu muke ba gidaje su raba a tsakaninsu. Wannan karon hatsin ya yi kaɗan, sai wani mai lissafi a Yamai ya mayar da kilo zuwa tiya, kwanon awon da kowa ya sani, ya ce kowane gida tiya biyar. Amma domin kada hannun wani ya fi na wani, ya ƙara da cewa a riƙa shafe bakin tiyar da ɗan katako, ta tsaya daidai da baki.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a ƙasar nan ya san tiya ba ta cika sai ta yi tozo. Ma'auni zai zuba, ya ƙara, ya tara a sama har ya riƙa zubowa, ya kuma kare gefe da tafin hannu. Tozon nan ba kyauta ba ne, cikin tiyar yake. Wanda ya shafe maka shi ya ci haƙƙinka a gaban idonka, kuma ko a shekarar ƙoshi ana ba hammata iska a kan haka. Ni na sani, Shef ya fi ni sani, uwarsa awo ta yi har ta tsufa. Maganin kuwa a fili yake: a ba kowa tiya huɗu masu tozo. Hatsin kusan ɗaya ne, babu wanda zai ce uffan, har godiya za a yi. Shef ya aika wa Yamai da wannan roƙon tun kafin a yi lodi. Amsa ba ta zo ba har muka tashi.

Muka isa da hantsi, babbar mota ɗaya, da mu biyu, da direba, da ma'aunin da muka ɗauko daga kasuwa, da jandarma biyu 'yan rakiya. Ƙauyen ya riga ya fito. Mutanen nan sun daɗe suna cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu, wasu har gidan tururuwa sun tona. Ba su yi mana guɗa ba, ba su yi hayaniya ba. Suka tsaya da ƙore da tsofaffin buhuna suna kallon motar.

Maigari ya ga katakon a hannun ma'auni ya ja Shef gefe. "Ranka ya daɗe, wannan icen na mene ne?"

Shef ya yi masa bayani.

"Kada ku yi haka," in ji maigari. "Ni na san mutanena. Ku rage yawan, ku bar musu kan."

Na matsa kusa na ce, "Shef, mu yi huɗu da tozo. Wa zai sani?"

Ya ɗaga wayarsa sama yana neman layi, babu. Ya hau kan motar ya sake ɗagawa, babu. Ya sauko yana share gumi. Da a bara ne, kafin littafin nan da tambayoyinsa, wallahi da tuni ya jefar da katakon ya ce a zuba. Amma ga kwantiraginsa a bakin ƙarewa, ga masu bincike da ke neman inda aka kauce wa rubutu, ga watannin da ya yi ana dasa masa cewa hankalinsa tarko ne.

"Ƙane," ya ce, yana ɗan murmushin da bai kai ciki ba, "wannan canji ne. Canji sai komite."

"Wancan egzame ne, Shef. Nan ƙauye ne."

"Na aika, ba su amsa ba. Mu bi abin da ke rubuce. Zan yi musu bayani, za su gane."

Ya yi bayanin kuwa, da Hausa mai kyau, ya ce biyar shafaffu sun kai huɗu masu tozo, har sun ɗan fi. Babu wanda ya musa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idon mai yunwa ba ya bin lissafi, hannu yake bi. Aka shimfiɗa tampol, aka farke buhu, ma'auni ya durƙusa. Mace ta farko ta miƙa ƙwarya. Ya cika tiya ta yi tozo kamar yadda hannunsa ya saba, sannan ya ɗauki katako ya shafe. Hatsin ya zube a kan tampol. Na ji wani sauti ya fito daga taron, ƙasa-ƙasa, irin na wanda aka taka wa gyambo.

Aka yi gida goma ko fiye a haka. Abin da ake shafewa ya taru a kan tampol ya yi tsibi. Ma'auni, da yake mutum ne mai tsabtar aiki, ya jawo buhun da ya zama wofi ya fara tattara tsibin yana zubawa a ciki, domin a sake aunawa. Mu mun san abin da yake yi. Su abin da suka gani shi ne buhu yana cika da kawunan tiyoyinsu a gefen motar da za ta koma birni.

Wani dogon mutum mai gora ya fito daga layi. Daga baya na ji cewa ya binne 'yarsa a satin. Ya nuna buhun da gorar.

"Wancan na wa ne?"

"Naku ne, baba, sake aunawa za a yi," in ji ma'auni.

"Ƙarya kake. Na 'yan Kano ne. A kasuwar Damagaram za mu gan shi."

Wata mata a baya ta ce ɓarayi, wani ya karɓa, sai kalmar ta zagaye taron. Gorar ta sauka a kafaɗar ma'auni, na ji ƙarar kamar an sari busasshen icce. Ya faɗi a kan hatsin yana kare kai. Layi ya watse, jama'a suka yo kanmu gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya ban gan shi a jere ba. Na ga dutse ya tarwatsa gilashin motar, direba ya fito da jini a goshi yana lalube. Na ga an farke buhuna da wuƙa a kan motar, hatsi yana kwarara a kan mutane, mata suna tara zane, ana tattake su suna tarawa. Wata tsohuwa ta durƙusa tana kwasar hatsi da ƙasa, taro ya bi ta kanta, na ga ƙafarta kawai tana motsi a ƙarƙashin ƙafafu. Wani ya cakumi wuyan rigata, na juya na kai masa naushi a baki, na ji haƙori ya shiga ƙashin yatsana. Ban tsaya duba ko waye ba. Na fizgo ƙarfen ɗaga taya daga ƙarƙashin kujerar direba na shiga kaɗawa, kuma a wannan lokacin na tsani mutanen nan da muka zo ceto, tsana ta gaske, har ina jin daɗin duk inda ƙarfen ya samu. Ba zan ɓoye wannan ba, haka na ji.

Shef bai gudu ba, bai kuma ɗaga wa kowa hannu ba. Ya faɗa kan ma'auni ya rufe shi da jikinsa, ya jawo tiyar, ya cusa ta cikin hatsi ya ɗago ta da tozo har tana zuba, yana ihu, "Ga shi, ga shi da kai, ku tsaya a auna muku." Ya yi canjin a lokacin da babu mai sauraro. Hannunsa na dama yana kan bakin tiyar, ya kare gefe kamar yadda uwarsa ke yi, dogon nan ya sauke masa gora a kai. Bakin tiya ƙarfe ne. Yatsun suka shiga tsakanin ƙarfe da gora. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa a wuri guda kafin in iso. Na kai masa ƙarfen a haƙarƙari ya durƙushe, da ba don direba ya riƙe ni ta baya ba da na fasa masa kai.

Jandarma suka harba sama. Taro ya dare, sannan suka cire bel suka bi mutane da shi, ba su tambayi wanda ya yi da wanda bai yi ba. Suka daki maza, suka daki mata masu goyo, suka sa gindin bindiga a bayan wani tsoho da bai iya gudu ba. Da ƙura ta lafa, fili ya cika da fasassun ƙore da takalma da hatsi gauraye da jini, kaji suna tsattsaga. Tsohuwar nan aka ɗauke ta a kan ƙyauren ɗaki. An ce ba ta ga damina ba.

Shef na zaune a ƙasa ya riƙe hannun da ɗaya hannun. Yatsu uku sun juya inda yatsu ba sa juyawa, na tsakiya ƙashi ya leƙo. Ya dube ni ya ce, "Ƙane, ranar egzame fa?"

A asibitin birni layin masu tamowa da masu rauni ya kai bakin titi. Aka wanke masa, aka ɗinke inda ya tsage, aka ce ya dawo a duba ƙashin in likitan ƙashi ya samu sarari. 'Yan'uwansa ba su jira ba, suka kai shi wurin maɗorin Birni da kowa ya yarda da shi. Ina riƙe da kafaɗunsa aka ja yatsun ɗaya bayan ɗaya. Dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar tiya, ya yi ƙara har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Aka jera karare aka ɗaure tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Na yi ta buga waya Yamai a ɗage masa. Ofishinmu suka ce jarrabawa ta gaba sai bayan kwantiragi ya ƙare, kuma ƙa'ida ba ta san karaya ba. Masu jarrabawar suka ce ana iya ƙara wa mai rauni lokaci, amma sai da takardar likita da aka aiko tun da wuri. Maɗori ba ya ba da takarda. Na zagi wanda ya gaya mini haka, zagi na uwa da uba, ya kashe wayar, ban ƙara wa Shef komai ba sai baƙin jini.

Kwanakin da suka rage muka mayar da suri ɓangaren hagu. Tambayoyin labari yana cinye su kamar tuwo, ya ma fi ni. Na ja-ka-ajiye ne suka zame masa ƙaya. Ya danne da yatsan da bai saba ba, ya ja, kalma ta kuɓuce ta koma inda take. Ya sake. Ta faɗa akwatin da ba shi ba. Ga zogin dama yana hawa masa har wuya, gumi yana ɗiga a kan tebur. Na ce ya riƙa tsallake su ya dawo daga baya. Ya ce to, amma mahaddaci bai iya tsallake aya ba, in ya san amsa sai ya ajiye ta a wurinta kafin ya wuce.

Muka hau motar Yamai, tafiyar yini cur, kowane rami a hanya sai ya cije leɓe. A ɗakin jarrabawa aka caje mu, aka sa mai gadi ya leƙa cikin kararen ko an ɓoye takarda. Aka zaunar da shi a jere na gaba da ni, ina hango ƙeyarsa da kafaɗarsa ta hagu. Na yi tawa jarrabawar rabin hankalina a kansa. Duk lokacin da na ɗaga ido sai in ga kafaɗar tana tafiya a hankali, ta tsaya, ta koma baya, ta sake tafiya. Na san abin da ke faruwa a fuskar kwamfutarsa kamar ina gani. Da na gama, sakamako ya fito nan take cewa na ci. Ban ji komai ba sai ɗaci a baki.

Na jira shi a waje ƙarƙashin wata bishiya. Ya fito a ƙarshen kowa, ya zauna kusa da ni a kan dakali.

"Agogo ya cinye ni," ya ce. "Na baya-bayan nan ko ganinsu ban yi ba."

Sai ya shiga karanto mini tambayoyin da ya samu gani, kalma da kalma, da amsar da ya bayar. Ban ji inda ya kuskure ba. Na tashi zan koma ciki, ban san ma me zan yi ba, wataƙila in ɗaga kwamfutar in maka da ƙasa. Ya riƙe mini riga. "Zauna, ƙane. Kai ka ci?" Na ce na ci. Ya ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyarsa ya faɗa, wannan ya fi komai ƙona ni.

Bayan mun dawo Damagaram ba a daɗe ba direktan ƙungiyarmu ya kira ni. Ya yi dogon bayani a kan ƙa'ida, da yadda abin da ya faru a ƙauye ya nuna ana bukatar shugaba mai takarda. Na ce masa shugaban ya bi takarda ne shi ya sa aka karya shi. Ya ce ya fahimci ɓacin raina. Kujerar Shef ce ake ba ni, in ban karɓa ba za a turo wani daga Yamai, Shef dai ba zai zauna ba ko ta yaya. Na fito na yi ta zagaya harabar biro ina huci. Ni ma a gidana akwai ƙanwar uwata da 'ya'yanta, da surukina da shanunsa suka mutu ya zo da sanda kawai. Na koma ciki na sa hannu.

Ban iya zuwa gidansa na gaya masa ba. Shi ya zo. Da safe ina zaune a tsohon teburina, domin na kasa matsawa zuwa nasa, sai ga shi da farar riga wankakkiya, an kwance kararen, yatsun sun ɗoru a karkace sun ƙi lanƙwasuwa. Ya gaisa da kowa. Ya nuna mini inda rufin mangaza, ɗakin ajiyar hatsinmu, ke yoyo in damina ta zo, da wane mai mota ne ba a ba shi lodi sai an raka shi. Ya ce amsar Yamai ta iso jiya, sun amince a yi huɗu da tozo, in tabbata an bi a ƙauye na gaba. Na tambaye shi mutanen gida fa, ya ce wasu sun fara komawa ƙauye, tun da an gaya musu ya rasa aikin.

Sannan ya laluba aljihu ya ciro makullan mangaza. Ya gwada ɗaukarsu da dama, suka zame suka faɗi ƙasa. Na yunƙura zan ɗauka ya ce in bari. Ya sunkuya ya ɗauka da ɗaya hannun, ya miƙe, ya miƙo mini a gaban ma'aikata duka.

"Shef," ya ce da ni, "ka yi haƙuri da hagu."